Ɗauko 'Yar Fari Daga Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya kawo wankin hula rumfata sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "Malam Isiya, wai da gaske ka ƙetare boda? Kai da ko Kano aka ce ka je sai cikinka ya ɗuri ruwa?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa ya ji sai ya ƙara nasa gishirin in ya je gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta abin yadda ya faru, iyakar abin da idona ya gani.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Yarinyar gidana ta fari tana aure a Maraɗi, ga ciki na fari ya tsufa, lokacin ɗauko ta goyon ciki ya yi. Yayata Hinde ce ta rene ta tun daga yaye, ita ya kamata ta je, to sai ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Mijin yarinyar, Lawali, yana can Agadas wajen aiki. Uwarta kuwa ko da wasa ba za ta je ba, don kunyarta ta fi tawa. Aka duba aka duba, tafiya ta faɗo kaina.

Yaran yanzu dariya suke in an yi maganar kunyar ɗan fari. Mu asalinmu 'yan Riko ne, can aka haife ni kafin zama ya dawo da mu Katsina, kuma a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Mahaifinmu har ya koma ga Allah "wancan" yake ce wa babban wanmu. Ni ma tun ranar suna ban taɓa furta sunan yarinyar nan ba. In ta kama dole sai in ce "ɗiyar Hinde".

Da na je sallama, Hinde na kwance a tabarma an ɗora ƙafar kan matashi, ta ce, "Isiya, na san halinka. Ka kawo mini ita lafiya, ita da abin da ke cikinta. In ka ga direba na hauka ka buɗe baki ka yi magana, kar ka zauna kana motsa leɓe kamar mai lazimi."

Na ce to.

Da safe na isa tashar motocin Jibiya. Kafin in shiga sai da na zagaya motar ina duba tayoyinta, na durƙusa na leƙa ƙarƙashi ko akwai abin da ke ɗiga. Ɗan kamasho ya tsaya yana kallona, ya ce, "Baba, saye za ka yi ko shiga?" Aka yi dariya, na shiga. Mutum huɗu a baya, biyu a gidan gaba, but a buɗe an ɗaure kaya da igiya.

Rabona da hanyar nan an daɗe. Abin da na gani ya tayar mini da hankali, kuma ba ramukan titi nake nufi ba. Mutanen nake nufi. Mota ta biyo ka a baya ta manne maka tana hon kamar ka ci mata bashi. In ba ka kauce ba ta zagaye ta hannun da ba nata ba, direban ya zuro hannu ta taga ya watsa maka daƙuwa. Mai babur ya faɗo titi bai waiga ba. Mai tirela ya raba titi biyu ya hau tsakiya. A wani ƙauye na ga an fito da gawa za a tsallaka da ita maƙabarta, masu makara suka tsaya a bakin kwalta suna jiran motoci su ba su hanya, ba wanda ya ɗaga ƙafa. Tamu ma wucewa ta yi, iskarta ta ɗaga gefen tabarmar da aka rufa. Na yi salati a zuciyata.

Ina yaro, a motar katako muke zuwa Jibiya ranar kasuwa. Na sha ganin direba ya tsaya cak don gawa, ya kashe mota, maza su sauko su kama makara taku kaɗan sannan a ci gaba. In ya ga wata mota ta lalace a daji sai ya tsaya ya tambaya, ko ruwa ne ya bari. Ban ce mutanen da mala'iku ba ne, an yi masu gudu a cikinsu, amma akwai abin da direba yake jin nauyin a gan shi yana yi.

Muka wuce shingayen jami'ai, ban san iyakarsu ba, kowanne sai an rage gudu an miƙa hannu. Da an wuce sai direba ya take totur kamar zai rama lokacin a kan motar. Haka muka isa Magama, bakin boda.

Magama ba ta kama da ko'ina. 'Yan canji zaune da damin kuɗi an danne da dutse, masu dako yawancinsu mutanen Maraɗi suna ta kai da kawo da buhuna a ka, jarkoki, masu awara, masu rake. Kowa Hausa yake yi, amma kana jin bakin kowa ka san ɓangaren da ya kwana. Na canza 'yan kuɗina zuwa sefa na cusa a aljihun ciki, na riƙa dafa wurin har wani ya tambaye ni ko ƙirjina ke ciwo.

A Ɗan Isa, bayan mun ƙetare boda, aka sauke mu wajen jandarma, jami'an tsaronsu. Da na zo ƙofar ofishin na ga an share tsaf, sai na tuɓe takalmina na shiga da sallama. Jandarman ya dubi ƙafata ya ce, "Malam, nan ba masallaci ba ne, maida takalminka." Ya ce in kawo katin ɗan ƙasa. To saboda damina ce, na naɗe katin a leda, na sa a wata ledar, na ƙulle tamau. Na yi na yi ƙullin ya ƙi kwantuwa, mutanen bayana suna tsaki. Ƙarshe shi ya karɓa ya yage da haƙori. Ya duba hoton, ya dube ni, ya ce, "A hoton ma tsoro kake ji. Tahi abinka."

Daga nan na shiga wata tsohuwar mota, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. Direban dattijo ne mai furfura a gemu. Titin nasu bai kai namu faɗi ba, amma shiru. Inda ake biyan kuɗin hanya igiya ce kawai aka ja tsakanin ganga biyu, kuma kowa tsayawa yake, har a gaisa. Can muka tarar da amalanken shanu ta tare hanya, dattijon nan ya bi ta a baya sannu a hankali, ko hon bai yi ba, har mai shanun ya samu wuri ya kauce. Raina ya yi fari. Na ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka. Ku nan har yanzu akwai haƙuri a hanya."

Ya ce, "Wane haƙuri, Malam? Hon ɗin ne ya mutu tun bara. Birkin ma sai da lallashi."

Daga nan ban ƙara sakin ƙarfen kujera ba har otogar, wato tasharsu.

Cikin garin Maraɗi kuwa na gane ba mu kaɗai abin ya sama ba. Masu babur ɗin haya, kabu-kabu suke ce musu, ba su da maraba da 'yan acaɓarmu. Wanda ya ɗauke ni ya kusa shigar da ni ƙarƙashin wata babbar mota, da na yi magana ya ce, "Kai ɗan Najeriya ne za ka ce mini in yi sannu? Wajenku muka koya."

Surukin yarinyar, Alhaji Mahaman, shi ya sauke ni a shagon ƙofar gidansa. Mutum ne mai barkwanci. Aka kawo fura mai sanyi da dambun zogale, sai kuma burodin nan nasu dogo kamar sanda. Na gatsa sai da dasashina ya yi jini. Alhaji ya ce, "Ku kun saba da burodi mai laushi kamar katifa. Jiƙa shi a shayi, kada ka koma gida ba haƙori a ce mu muka cire." Shayin ma sau uku ake zubawa a ɗan kofi, na farko ɗaci kamar magani. Na sha don kar a ce na raina.

Bayan la'asar yarinyar ta fito gaishe ni. Ta durƙusa daga nesa, da ƙyar, tana dafa bango. Na kafa idona a kan wata ƙusa da ke jikin ƙofa na ce, "An same ku lafiya?" Ta ce lafiya lau. Shi ke nan gaisuwarmu. Amma ta gefen ido na ga ƙafafunta sun kumbura, na ga yadda take numfashi. Abincin dare bai shiga ba.

Ashe Alhaji Mahaman tsohon direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ya yi shekaru yana bin hanyar Maraɗi zuwa Kano. Na ba shi labarin gawar da aka hana tsallakawa. Ya ce, "Lokacinmu motoci kaɗan ne, Malam Isiya. In na zagi direba yau a hanya, gobe sahu ɗaya za mu tsaya a masallacin tasha. Ya san ubana, na san nashi. Kuma sai ka yi shekaru kana karen mota kafin a ba ka makulli, maigidanka ya koya maka tuƙi, ya koya maka gaisuwa. Yanzu yaro ya koyi giya a sati, mai mota ya ce kaza zai kawo kullum ko ta halin ƙaƙa. Wanda ya zaga kuma ba zai sake ganin shi ba har abada. To mi zai ji wa kunya?"

Washegari ruwa ya tsare mu da safe, ba mu fita ba sai da rana ta yi sama. Mata suka haɗa mata kaya, Alhaji ya raka mu har otogar. Har boda ba abin da ya faru, sai dai jandarman jiya ya gane ni. Ya nuna ta da biro ya ce, "Wannan mi take gare ka?" Na ce, "'Yar gidanmu ce." Ya ce, "To, mai leda, a sauka lahiya."

La'asar ta kusa lokacin da muka samu motar Katsina a Magama. Direban yaro ne, bai fi sa'an ƙanenta ba, 'yan kamasho suna ce masa Guguwa. Da na ji sunan na so in jira wata, amma aka ce ita ce ta ƙarshe da za ta cika da wuri, kuma kowa ya san halin da ake ciki, ba mai son yamma ta same shi a hanyar nan. Na biya mata kujera biyu a baya don kar a matse ta. Kusa da ita wata dattijuwa mai sayar da daddawa, sai wani saurayi a bakin ƙofa. Ni na zauna gaba tare da wani ɗan kasuwa mai ƙiba da ke ta duba waya.

Da farko gudu ne kawai, irin wanda na riga na gani. Na riƙe bakina ina addu'a. Sai wata mota ta zo ta goge mu ta wuce, direbanta ya zuro hannu ya yi wa namu daƙuwa. Guguwa ya ce, "Ni? Uwata?" Ya gyara zama. Daga nan tuƙi ya ƙare, aka koma tsere. Ya bi motar nan ya manne mata, ya fita hagu, ya dawo dama, rami ma ba ya kaucewa. Duk ramin da muka faɗa sai in ji shi a cikina, don na san wadda ke baya ta fi ni jin shi.

Na daure na ce, "Direba, a yi a hankali, akwai mata a mota."

Ko kallona bai yi ba. Ɗan kasuwar ya ce, "Haba Baba, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan katifa yake sai ya tafi. Bar shi ya yi aikinsa, muna da uzuri."

Saurayin baya ya ce, "Baba bai saba shiga mota ba ne. A samo masa jaki."

Suka yi dariya. Na ji kunya ta rufe ni kamar ni na yi laifi. Wannan ma sabon abu ne a wurina, a ce mai neman a tsira da rai shi ne abin dariya a mota.

Na sake cewa, "Ɗana, don Allah."

Ya ce, "Baba, ka san hanyar nan kuwa? So kake magariba ta same mu a daji? In an tare mu kai za ka cece mu?"

Maganarsa akwai gaskiya a ciki. Amma ni da shi duk mun san ba magariba yake gudu ba, wancan direban yake bi. Na saci kallo ta madubi. Yarinyar ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije, hannu ɗaya a ƙasan ciki, ɗaya ta tokare kujerar gaba. Ba za ta yi ƙorafi a gabana ba, kamar yadda ni ba zan nuna ta a gaban mutane ba. Na fara lissafi a raina: in ce a sauke mu, a ina? In yi shiru, har yaushe? In aka samu matsala me zan ce wa Hinde, me zan ce wa Alhaji Mahaman da ya damƙa mini ita a tasha?

Ina cikin wannan sai ga tirela a gabanmu. Wancan direban ya zagaye ta ya wuce. Namu ya bi shi bai duba ba. Muna tsakiyar tirelar sai ga wata mota ta taho gaba da gaba tana walƙa fitila. Ba wurin komawa. Guguwa ya murɗe sitiyari muka sauka daga kwalta ta ɗaya hannun, motar ta yi tsalle a kan kunyar gona da ruwa ya zaizaye, kaina ya bugi rufi, mai zuwa ta wuce mu kamar walƙiya. Ya sake hawa titi yana dariya.

A nan na ji ta. Ba kuka ba ne, wani ɗan sauti ne ya kuɓuce mata, irin na wanda ya daɗe yana riƙewa.

Dattijuwar ta rungumo ta, ta ɗaga murya ta ce, "Wai yarinyar ga ɗiyar wa ce? Ba ta da kowa a motar ga? Ku dubi halin da take ciki!"

Ban san lokacin da na juyo ba. Na dafa hannun direban a kan giya na ce, "Ɗiyata ce. Saude ce, ɗiyata ta fari, cikinta ya tsufa. Ka kashe ni in kana so, amma ka tsaya."

Ban taɓa jin muryata da ƙarfi haka ba. Ya ɗaga ƙafa, ya gangara gefe a bakin wani ƙauye inda ake sayar da gasasshiyar masara, ya tsaya. Ya juya ya dube ta, ya dube ni. Sai na ga ashe yaro ne ƙwarai, ko gemu bai gama fitowa ba.

Ya ce, "Baba, ai da ka faɗa tun a Magama. Wallahi na ɗauka fasinja ce kawai. Matata ma watan jiya ta haihu."

Dattijuwar ta ce, "'Yar fari ce, ɗan nema, ta ina zai faɗa? Kai ba a haife ka a gida ba?"

Da kansa ya fita ya sayo ruwa ya miƙa mata. Dattijuwar ta tattaɓa ta, ta yi mata tambayoyi ƙasa-ƙasa, ni ina tsaye can gefe na ba su baya. Can ta ce, "Da sauƙi, abin na motsi. A tafi, amma kamar an ɗauko ƙwai."

Haka kuwa aka yi. Kowane rami sai ya zagaye shi. Ɗan kasuwar ya fara gunaguni, Guguwa ya ce, "Alhaji, in kana sauri ga titi nan, sauka ka tashi sama." Motoci suna ta yi mana hon suna wucewa, wani ma ya zage shi, bai tanka ba. Muka shiga Katsina ana kiran magariba, bai kai mu tasha ba, har ƙofar gidan Hinde ya kai mu, ya sauke kayan da hannunsa, ya ce Allah ya raba lafiya. Yana fita daga lungun na ji ƙarar tayoyinsa a kan kwalta, ya koma yadda yake.

Na yi ta juya maganar yaron nan a raina. Ba mugu ba ne, na ga haka da idona. Da ya san ɗiyar wani ce, sai ya zama mutum. To amma mutanen motar da muka kusa yin karo da ita fa? Su ma 'ya'yan wasu ne, wata ƙila a cikinsu akwai mai ciki, akwai wanda ake jira da tuwo. Ba mai tsayar da shi ya gaya masa sunayensu. Ni kaina, da na ga an hana gawa tsallakawa, salati kawai na yi a zuci. Sai da abin ya zo kan tawa bakina ya buɗe.

Da safe aka kai yarinyar asibiti, suka duba suka ce komai lafiya. Yanzu haka ta sauka, an samu namiji, tana wanka a gidan Hinde.

Amma abin da ya fi zauna mini a tafiyar nan a ƙofar gida ya faru, bayan motar ta tafi. Yara sun kwashi kaya sun yi ciki, saura ni da ita a zaure. Na matsa gefe don ta wuce, idona a ƙasa kamar kullum. Ta zo daidai ni ta tsaya, tana dafe da bango, ta ce a hankali, "Baba, ashe ka san sunana."

Na ce, "Ni na raɗa miki shi. Shiga ciki, Gwaggonki na jira."